Ana naɗa sabon oga a kamfanin mai, na bakin famfo sai dai ya gani a waya

Duk wanda ya taɓa aiki a matatar mai ko tashar gas ya san ba'a tashi aiki haka kawai mutum ya rataya jakarsa ya kama gabansa. Mai aikin rana sai ya zauna da mai aikin dare, littafi a buɗe a gabansu, ya gaya masa famfo kaza yana wani irin ƙara tun la'asar, bawul kaza an kwance shi an kai gyara kar ka kuskura ka kunna layin nan, mitar tanki kaza ƙarya takeyi ka je ka leƙa da idonka. Sai kowa ya sa hannu sannan ɗaya ya tafi. In ka tsallake wannan zaman ko ka yi shi a tsaitsaye to ka shirya amsa takardar tuhuma, wani wajen ma korarka za'ayi kuma ba wanda zai tausaya maka.

Kuma suna da gaskiya da suke tsanantawa. Ranar 6 ga Yuli 1988 a dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, basu gama ba suka toshe wajen da faranti na wucin gadi, maganar bata isa kunnen masu aikin dare yadda ya kamata ba. Cikin dare sai ɗaya famfon da ke aiki ya tsaya, suka kunna wanda aka kwance wa bawul, gas ya tsiyayo, wuta ta tashi, mutum 167 suka mutu. Har yau in ana koya wa sabbin ma'aikata muhimmancin miƙa aiki da wannan labarin ake tsorata su, ni ma da shi aka tsorata ni.

To abun da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shine, kamfanin da ya san haɗarin miƙa aiki ba tare da an saurari wanda ya yini a wajen ba, in ya zo miƙa aiki mafi girma a cikinsa, wato sauya shugaban kamfanin gaba ɗaya, sai ya manta da darasin. Mutum goma sha wani abu ne 'yan kwamitin daraktoci zasu rufe ƙofa, su ɗauko kamfanin dillalan da ke farauto manyan ma'aikata su biya shi maƙudan kuɗi, su tuntuɓi manyan masu hannun jari a asirce, shikenan. Dubban mutanen da suka san inda ɗakin yake yoyo sai dai su wayi gari su ga imel.

Na taɓa ganin irin wannan safiyar da idona lokacin ina aikin kwangila a wata tasha, bazan faɗi sunan kamfanin ba. Muna ɗakin sauya kaya wajen ƙarfe shida da rabi sai wayoyi suka fara ƙara kusan a tare, imel daga hedikwata, hoton wani mutum cikin kwat yana murmushi, an rubuta sabon babi, sabuwar tafiya, da sauran kalaman da aka saba. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya kusa ritaya, shekara talatin da wani abu yana ɗakin sarrafa injina, bai ma buɗe tasa wayar ba yana ɗaure igiyar takalminsa yace min, yaro duba min, mai sifana ne ko mai kalkuleta? Nace Baba daga sashen kuɗi ya fito. Sai ya gyaɗa kai yace to a gaya wa injin matsa gas na biyu ya ƙara haƙuri, gyaransa sai baɗi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi bayan wata huɗu aka ɗage babban gyaran da aka tsara, aka ce ana duba kashe kuɗi. Ban ce dattijon nan ya fi daraktoci ilimi ba, kuma rabon da yayi na mai sifana da mai kalkuleta ba kullum yake fita daidai ba, akwai injiniyoyin da suka hau kujera suka fi kowa yanka kasafin gyara. Amma ya ga shugabanni sun zo sun wuce ya san yadda kowanne yake sauka a jikin ƙarfe, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarsa ko da wasa.

In kana ganin labarin tashar da ba suna bai isa hujja ba, ga wanda duniya ta sani. Ranar 23 ga Maris 2005 matatar kamfanin mai na BP da ke Texas City a Amurka ta fashe, mutum 15 suka mutu, sama da 170 suka jikkata, kuma waɗanda suka mutun duk 'yan kwangila ne da ke ciki ko kusa da ofisoshin wucin gadi da aka ajiye daf da injinan. Watanni kaɗan kafin nan an yi binciken jin ra'ayin ma'aikatan wannan matatar, kuma abun da ya fito ƙarara shine mutane na zuwa aiki cikin tsoron cewa yau ɗin nan za'a iya mutuwa. Sun faɗa, an rubuta, yana cikin fayil. Daga baya hukumar Amurka mai binciken haɗurran sinadarai ta ɗora wani kaso babba na laifin akan yanke kasafin kuɗi da aka yi ta yi tun bayan haɗewar BP da kamfanin mai na Amoco. A wannan lokacin shugaban kamfanin John Browne ne, mutumin da jaridun kasuwanci ke ɗagawa sama kamar ba'a taɓa yin irinsa ba. Masu hannun jari na ganin riba suna tafi, na ƙasa na ganin tsatsa.

Browne ya sauka a watan Mayu 2007, Tony Hayward ya hau, ɗan gida ne masanin duwatsu da ya taso a sashen haƙa, ya shigo da alkawarin cewa tsaron rayuka ne zai zama gaba da komai. Shekara uku bayan nan, 20 ga Afrilu 2010, dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon da ke haƙa wa BP ya kama da wuta a mashigin tekun Mekziko, mutum 11 suka rasu, mai ya yi ta ɓulɓula cikin teku har kwana 87. Nan ma daga baya aka gano an yi binciken jin ra'ayin ma'aikatan dandalin makonni kafin haɗarin, wanda kamfanin Transocean mai dandalin ya sa aka yi, kuma da yawansu sun nuna suna tsoron kai rahoton matsala don kar a huce a kansu. Hayward ya tafi bayan ya yi katoɓarar nan da ya ce yana so ya koma rayuwarsa ta da, alhali mutum 11 babu rayuwar da zasu koma, Bob Dudley ya karɓa a Oktoban 2010.

Kaga a duka biyun bayanin da ya fi kowanne tsada a kamfanin yana hannun na ƙasa ne, kuma hanyar da zai bi ya isa teburin masu zaɓen shugaba sai ta ratsa ta hannun mutanen da bayanin ke tona wa asiri. Manajan tasha bazai so ace tasharsa na ruɓewa ba, na samansa shi ma yana jiran ƙarin girma, haka maganar zata yi ta wankuwa a kowane bene har ta iso kwamitin daraktoci fes, launin kore a jikin allo. Sannan a zauna a zaɓi sabon shugaba daga cikin mutanen da suka wanke ta.

Yanzu bari in faɗi abun da ban ce ba, don na san akwai masu jiran su ce ga ɗan ƙungiyar ƙwadago ya zo da wa'azinsa. Ban ce a kafa akwatin zaɓe ma'aikata su jefa ƙuri'a ba. In aka yi haka wallahi kamfen za'a koma, wannan yace zai ƙara alawus wancan yace bazai rufe ko tasha ɗaya ba, wanda ya fi iya daɗin baki ya lashe. Kuma gaskiya ce mai ɗaci cewa wani lokacin kamfani na buƙatar wanda zai rufe matatar da ta daina kawo riba, kuma wanzami baya son jarfa, ba ma'aikacin da zai zaɓi wanda zai rufe wajen cin abincinsa. Banda haka ma kalmar ma'aikata ɗin nan tana ruɗin mutane, kamar wasu mutane ne masu baki ɗaya. Mai cinikin ɗanyen mai a ofishin Landan da ke jiran garaɓasar ƙarshen shekara, da injiniyan da aka ɗauko don aikin wutar iska, da mai walda da ke kwana sati biyu a tsakiyar teku, ina abun da ya haɗa su? Wani burinsa a ƙara haƙa wani burinsa a rage. Sannan kowane babba da ke harin kujerar yana da yaransa a ƙasa da ke masa fatan alheri saboda in ya hau su ma sun hau. Duk na yarda da wannan. Masu kuɗin da aka zuba a kamfanin su ne ke da haƙƙin yanke hukunci na ƙarshe, a cikinsu ma akwai asusun fansho na talakawa irinmu.

Amma tsakanin a baka wuƙa da nama da kuma a mayar da kai kamar kujerar ofis akwai fili mai faɗi, kuma wasu ƙasashen sun daɗe da zama a cikin wannan filin ba tare da sama ta faɗo ba. A Norway doka ta bai wa ma'aikatan manyan kamfanoni damar zaɓen wakilansu a kwamitin daraktoci har kusan kashi ɗaya cikin uku, shi yasa a Equinor, babban kamfanin man ƙasar wanda da ake kira Statoil, akwai kujeru uku da ma'aikata ke zaɓa, kuma kwamitin ne ke naɗa shugaba, kenan da su a ɗakin aka naɗa Anders Opedal a 2020. A Jamus tun dokar 1976 kamfanin da ma'aikatansa suka haura 2,000 rabin kujerun kwamitin sa ido na ɓangaren ma'aikata ne, duk da cewa in an yi kunnen doki ciyaman da ke ɓangaren masu jari shi ke raba gardama. A Faransa ma TotalEnergies na da wakilan ma'aikata a kwamitinsa. Waɗannan kamfanonin basu zama gidan marayu ba, suna rage ma'aikata suna sayar da kadarori kamar kowa, bambancin kawai akwai wanda zai iya ɗaga hannu a cikin ɗakin yace wannan mutumin da kuke yabo mun yi aiki a ƙarƙashinsa, ku tsaya ku ji.

Sai dai kar in yi muku ƙarya kujera kaɗai bata wadatar ba. Petrobras, kamfanin man Barazil da gwamnati ke da rinjaye a cikinsa, yana da darakta ɗaya da ma'aikata ke zaɓa amma duba yadda aka yi wasan kujera da shugabancinsa. A 2021 shugaban ƙasa Bolsonaro ya cire Roberto Castello Branco saboda rigimar farashin mai, ya kawo janar Joaquim Silva e Luna, shi ma bayan kusan shekara aka cire shi, José Mauro Coelho ya hau a Afrilun 2022 bai rufa wata uku ba ya tafi, Caio Paes de Andrade ya karɓa, Lula na dawowa shugabancin ƙasar a 2023 aka kawo Jean Paul Prates, a Mayun 2024 aka sallame shi aka naɗa Magda Chambriard. Ka tsaya ka sa kanka a matsayin injiniyan da ke aikin rijiyar cikin teku mai zurfi, aikin da daga ganowa zuwa fara fitar da mai kan ci shekaru masu yawa, a cikin shekara uku da ɗoriya ogoginka na sama sun sauya har sau biyar. Wa zaka bi? Irin wannan ne ke koya wa ma'aikaci ya daina ɗaukar kowane sabon tsari da muhimmanci, ya sunkuyar da kai kawai ya jira wannan ma ya wuce, sarki goma zamani goma. Kuma ranar da mutanenka suka koyi wannan jiran to ka rasa su ko da suna zuwa aiki kullum akan lokaci. A kamfanin da gwamnati ke da rinjaye kam kujerar ma'aikaci ɗaya ihu ne bayan hari.

Ko ba siyasar gwamnati ma, kamfani mai zaman kansa na iya wahalar da mutanensa da irin wannan juyin. BP ɗin dai zan sake komawa, ba don na tsane su ba sai don labarinsu a fili yake. Bernard Looney ya hau a Fabrairun 2020, injiniya ɗan gida, yace kamfanin zai rage haƙar mai da gas da kashi 40 cikin ɗari kafin 2030 ya koma makamashi mai tsafta. A shekarar aka sanar da rage ma'aikata 10,000. Mutane suka sauya sashe, wasu suka baro wasu kamfanoni suka shigo saboda sun yarda da sabuwar tafiyar, tsofaffin masu haƙa kuma aka bar su suna jin kamar su ne abun kunyar gidan alhali kuɗin da suke haƙowa ne ke ciyar da kowa. A Fabrairun 2023 aka sassauta alkawarin zuwa kashi 25. A Satumbar 2023 Looney ya sauka ba zato saboda bai bayyana wa kwamiti cikakken bayanin alaƙarsa ta baya da wasu abokan aiki ba, kuma ka lura wannan ma irin maganar ce da ke yawo a ƙasa tun kafin ta isa sama. Murray Auchincloss mai kula da kuɗi ya riƙe, aka tabbatar da shi a Janairun 2024. Farkon 2025 aka sanar da rage ma'aikata 4,700 da 'yan kwangila 3,000, sannan a Fabrairu aka juya kan motar gaba ɗaya aka koma wa mai da gas, a daidai lokacin da kamfanin zuba jari na Elliott ya sayi kusan kashi 5 cikin ɗari na hannun jari yana matsa lamba. Kafin shekarar ta ƙare aka sanar da cewa shi ma Auchincloss ya sauka, Meg O'Neill ta kamfanin Woodside na Ostareliya ce zata karɓa, karo na farko da aka ɗauko shugaba daga waje a tarihin kamfanin na sama da shekara ɗari.

Dan Allah duba wannan lissafin. Mai kashi 5 cikin ɗari da ya shigo jiya, wanda gobe in farashi ya tashi zai iya sayarwa ya kama gabansa, ana ɗaga wayarsa ana zama da shi ana sauya alƙiblar kamfani saboda shi. Wanda ya zuba shekara ashirin da biyar na rayuwarsa, wanda ƙwarewarsa ta manne da injinan wannan kamfanin, fanshonsa na ciki, huhunsa da kunnuwansa sun biya nasu kason, shi kuma imel mai hoto. Haka a Exxon a 2021 wani ƙaramin asusun jari mai suna Engine No. 1 da abun da ya mallaka bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ya yi kamfen ya samu kujeru uku a kwamitin daraktoci. Ban ga laifinsu ba, sun bi ƙa'ida sun jawo manyan masu jari sun yi nasara. Amma ya nuna maka ƙofar tana buɗuwa, ga wanda ya zo da takardar hannun jari.

A Shell ma an ga wani abu mai kama da haka, Wael Sawan ya gaji Ben van Beurden a Janairun 2023, cikin watanni ya nuna zai fi karkata ga abun da ke kawo riba yanzu, sai wasu ma'aikata biyu na sashen makamashi mai tsafta suka rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa a shafin cikin gida na kamfanin suna roƙon kar a ja da baya, har maganar ta fito jaridu. Ni ban ma tsaya akan waye mai gaskiya tsakaninsu da shi ba, ƙila shi ɗin ne. Abun da ya tsaya min shine yadda aka ɗauki wasiƙar a matsayin abun mamaki, ma'aikaci ya yi magana da sunansa akan inda kamfaninsa ya dosa har ya zama labarin duniya.

Akwai wata gardama da ma'aikata ke so sosai in ana hirar magaji, ɗan gida ko ɗan waje. Yawancinmu ɗan gida muke so, ko ba komai ya san sunayen tashoshi, kuma hawansa na nufin tsani bai karye ba, kowa zai matsa gaba da taki ɗaya. Ana yawan kawo misalin Ali al-Naimi da ya shiga Aramco, kamfanin man Saudiyya, a 1947 yana yaro ɗan aike a ofis, kamfanin ya tura shi karatu, ya bi matakai har ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya shugabanci kamfanin, daga baya ya zama ministan mai. Ko Exxon da al'adarsu ita ce raino daga ciki, Lee Raymond ya miƙa wa Rex Tillerson, da Tillerson ya tafi ya zama sakataren harkokin wajen Amurka a 2017 Darren Woods na tsaye a shirye. Ko Total, da Christophe de Margerie ya rasu a Oktoban 2014 lokacin da jirginsa ya yi karo da motar share ƙanƙara a filin jirgin Vnukovo na Mosko, cikin kwana biyu aka naɗa Patrick Pouyanné, ba rikici, saboda akwai waɗanda aka raina. Wannan abun sha'awa ne ba musu. Amma ni inaga mun cika ɗora wa wannan tambayar nauyin da ya fi ƙarfinta. Hayward ɗan gida ne. Looney ɗan gida ne. Philip Watts na Shell da aka tilasta wa sauka a 2004 bayan an gano kamfanin ya kumbura adadin man da yake iƙirarin yana da shi a ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, shi ma ɗan gida ne, kuma shi ya jagoranci sashen haƙa a shekarun da aka yi kumburin. Ɗan gida na iya zama wanda ya binne matsalar da hannunsa, kaga kuwa shine na ƙarshe da zai so a tono.

Amfanin ɗan gida na gaskiya wanda ba'a morarsa shine yana da tarihi a cikin gidan. Mutumin da ke neman kujerar nan shekara goma sha biyar da suka wuce shi ne manajan wata tasha, akwai ɗaruruwan mutane da suka san me yayi ranar da wani ƙaramin ma'aikaci ya danna maɓallin tsayar da aiki aka yi asarar kuɗi, ya yaba masa ne ko ya sa an mayar da shi wani lungu. Sun san ko yana shiga cikin tasha ba tare da an share masa hanya an yi sabon fenti ba. Sun san ko tarin gyaran da aka ɗage ya ragu a zamaninsa ko ƙaruwa yayi aka sauya masa suna a takarda. In zaka ɗauki direba ma sai ka tambayi inda ya taɓa aiki, amma za'a bai wa mutum ragamar matatu da bututai da rayukan dubban mutane, a tambayi tsofaffin ogoginsa kaɗai, waɗanda kullum fuskar da yake nuna musu daban ce. Ɗan waje ma yana da nasa mutanen a inda ya baro, nemansu ne ba'a yi.

Abun da nake so ba wani mai wahala bane. Kafin a fara kiran sunaye, daraktocin da aka ɗora wa neman magaji su fita daga hedikwata su je tashoshi, su zauna da masu aikin dare ba manaja a ɗakin, ba ɗan sashen ma'aikata da ke rubuta wa yace me. Kuma su haɗa da 'yan kwangila, don a wurare da yawa su ne suka fi yawa a bakin aikin kuma kamar yadda Texas City ta nuna su ne kan gaba wajen mutuwa, amma ko a binciken jin ra'ayi na shekara-shekara sau da yawa ba'a lissafa su. Wannan binciken ma da ake tura wa ta kwamfuta ana cewa ba'a ganin sunanka, wa ya yarda? A sashen da kuke ku shida, an tambayi shekarunka da matsayinka da tsawon zamanka, ai ko makaho zai gane wa ya rubuta, shi yasa kowa ke danna na gamsu sosai ya koma bakin aikinsa. Za'a ce ai neman shugaba sirri ne, in sunaye suka fita farashin hannun jari zai girgiza kuma doka ta hana. To wa yace a faɗi sunaye? Ka tambayi mutane me ya lalace, wane irin hali ne ya taɓa gyara wajen nan wane ne ya ɓata shi, sunayen da kansu zasu fito daga bakinsu ba sai ka furta ba. Wakilan ma'aikata a Norway da Jamus kuma suna riƙe sirrin kwamiti kamar kowane darakta, ba'a ji kamfanoninsu sun rushe saboda tsegumi ba.

Dattijon nan da na baku labari ya yi ritaya shekara biyu bayan waccan safiyar. An yi masa ɗan taro, an bashi agogo da takardar yabo mai ɗauke da sa hannun shugaban da yace mai kalkuleta ne, sa hannun ma na inji ne. Ranar aikinsa na ƙarshe na ga ya zauna da yaron da zai gaje shi kusan awa biyu bayan lokacin tashi ya wuce, yana bin littafin shafi-shafi, har da abubuwan da basa cikin kowace takarda, wane bawul ne sai ka ɗan buga shi kafin ya juya, wace ƙararrawa ce in ta yi kuka da asuba lokacin sanyi ba komai bane, wace ce in ta yi ka tashi da gudu. Da suka zo kan injin matsa gas na biyu sai ya ɗora yatsa akan layin yace, wannan kam ɗana ka ci gaba da rubutawa duk sati, ko basa karantawa, kuma ka ajiye kwafi a wajenka.